Yaya Usman, Telan Matan Takarda

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar yayana Usman, kuma ban taɓa rubuta ko layi ɗaya a kansa ba. 'Yan uwa sun ɗauka kara ce. Ba kara ba ce, fushi ne, wanda na riƙe har aka fitar da gawarsa daga gidanmu na unguwar Mahjar ban sauke shi ba. Bana ma da haka ranar rasuwarsa za ta wuce, in yi masa addu'a bayan asuba in kama hanyar aiki, ba don wata takarda da ke cikin jakata ba. Jiya Lahadi aka ba ni ita, aka ce in sa hannu zuwa Alhamis.

Takardar izini ce, ta yarda a buga hotona a tallar abaya. Wadda ta miƙo mini ita, Abla Nawal, ita ce mai gidan ɗinkin da nake wa aiki a unguwar Safa shekara tara. Ita ce kuma kafilata, wato da sunanta nake riƙe da iƙama, takardar da ta ba ni ikon zama a garin da aka haife ni. Saura wata biyu iƙamar ta ƙare. Hoton kuwa, ni aka ɗauka, amma ba ni ce a ciki ba. In na sa hannu, za a kafa wata mata da sunana a bakin titi kowa ya gani. In na ƙi, ban san da wace fuska Abla za ta dubi takarduna ba. Mutum ɗaya na sani da zai gane wannan hali ba sai na yi dogon bayani ba, shi ne kuwa ya mutu muna gaisuwar fatar baki.

Kakanninmu daga Damagaram suka taso aikin hajji da ƙafa, suka iso ba su koma ba. A Jidda aka haifi Usman, a nan aka haife ni bayansa da shekara goma. Fasfonmu na Nijar ne, ƙasar da ko sau ɗaya ba mu taɓa takawa ba. Da babanmu ya rasu, Usman ya bar makaranta ya nemi aiki, gidan ya koma wuyansa, ni da Umma muka koma ƙarƙashin iƙamarsa.

Matasan yanzu in na faɗa musu aikinsa sai su ɗauka zolaya nake. A wancan zamani, duk mujalla ko kwalin kaya da aka shigo da shi daga waje, in akwai hoton mace da hannu ko ƙafa ko wuya a buɗe, ba ya shiga kanti sai an rufe wurin da baƙar tawada. Ba inji ke yi ba, mutane ne. Wani kamfanin rarraba mujallu yana da sito can wajen tashar jiragen ruwa, da dogon tebur, da maza a jere tun safe, kowa da baƙin alƙalami mai ƙaton baki. A buɗe shafi, a shafe, a ajiye, a jawo na gaba. Usman ya shekara goma sha takwas a bakin wannan tebur. Gefen hannunsa na dama bai sake komawa launinsa ba, warin tawadar kuma kan riga shi shigowa gida.

Sauran ma'aikatan lafta baƙi kawai suke yi su wuce. Shi kuwa Allah ya ba shi hannun zane. Zai ja wa mace hannun riga har wuyan hannu, ya saukar mata da siket, ya bar siririn fari nan da can ya zama ninkin yadi, sai ka rantse da rigar aka ɗauke ta. In Umma ta tsokane shi da mai shafe-shafe, sai ya ɗaga hannun nan mai tawada ya ce, "La, ya Umma, ni ba na shafewa. Tela ne ni, tufatar da su nake."

Yawan kallon matan takarda ya ba shi wani irin ido, kuma ni ya zaɓa ya koya wa. In muka shiga kasuwar Bab Makka sayen yadi, sai ya tsayar da ni gaban kantuna. Mutum-mutumin da ake rataya wa abaya a lokacin ba su da kai, wuya ne kawai a datse. Kwalin kayan mata kuwa, in akwai fuska, an dusashe ta. Amma dubi tallar jallabiya. Namiji ne tsaye da fuskarsa da gemunsa, agogo a hannu, ya kafe ka da ido kamar kai ne ka zo neman aiki wurinsa. Usman kan ce, "Shufi, Dije, duba da kyau. Na waje sun tuɓe ta, mu mun cire mata kai. Ba wanda ya tambaye ta sunanta." Ya koya mini in na ga hoto kada in tsaya ga abin da ke ciki, in tambayi me aka cire, wa kuma ya cire.

Ina shekara goma sha uku mota ta take ni a hanyar dawowa daga makaranta. Aka yanke ƙafata ta hagu daga ƙasan gwiwa, bayan watanni aka haɗa mini ta roba mai sandar ƙarfe a tsakiya. Umma ta warware bakin duk rigunana ta saukar da su har suna sharar ƙasa. Ba mugunta ba ce, tsoron bakin mutane ne. Ni kuma na shige ɗaki na daina fita, ko maƙwabta suka shigo gaisuwa sai in ja bargo in yi kamar barci nake.

A cikin kayan da ake kawowa siton har da littattafan zane na ƙasashen waje, irin waɗanda ake ba da labari hoto bayan hoto, magana na fitowa daga bakin mutane cikin 'yar da'ira. Wata rana da la'asar Usman ya zaro ɗaya daga cikin rigarsa, wanda bangonsa ya yage aka ware za a zubar, ya jefa mini a kan katifa. Ban iya karanta yaren ba, amma na gane labarin. Wata mata ce aka raunata, likitoci suka haɗa ta da inji, rabinta nama rabinta ƙarfe. Ya tufatar da ita daga wuya zuwa gwiwa kamar yadda ya saba, amma ƙafafun ya bar su. Na ga mace da ƙafar ƙarfe tana tsallake rufin gidaje, tana bin masu laifi da gudu, ba ta bara, ba wanda ke ce mata sannu. Na yi kuka har numfashina ya riƙa sarƙewa, kuma ranar ce na fara fita tsakar gida ba bargo.

Duk da haka idon da ya ba ni bai bar ni na more ta gaba ɗaya ba. Na ce, "Yaya, wa zai yi gudu da wannan dunduniyar?" Don an ƙera mata ƙafar ne da tsinin takalmi a jiki, ba ta da damar cirewa. Ya yi dariya har da buga cinya, ya ce wanda ya zana ta bai taɓa ɗauko cefane daga Bab Makka ba. Sai ya buɗe mini shafin da abokin faɗanta yake, shi ma rabin inji. Kafaɗu kamar kabad, ƙirji duk sulke, hannu ɗaya bindiga, fuska da tabo an bar masa abinsa. Ya ce, "Kin gani? Namiji in suka ba shi ƙarfe, sulke suke ba shi. Mace kuwa, ƙarfen ma sai sun tuɓe shi."

Abin da ban sani ba shi ne, ba kwafina kaɗai ya bari haka ba. Katan guda ya bari. Da mushrif, mai duba aikinsu, ya buɗe ya ga ƙafafu a waje shafi bayan shafi, sai ya kira shi gaban kowa. Usman ya ce, "Ya ustaz, hada hadid, ƙarfe ne. Ƙarfe ba shi da al'aura." Mushrif ya tambaye shi ko fatawa aka ɗauke shi ya yi ko shafi, sannan ya ce ya tafi gida sai an neme shi.

Kwana huɗu ya yi a gida. Ban manta da su ba. Ba wanda ya ɗaga murya, ba wanda ya ci abincin kirki. Duk ƙarar mota a lungu sai Umma ta miƙe tsaye. Mun san abin da kora ke nufi ga irinmu: in kamfani ya janye hannunsa daga iƙamarsa, mu uku ne za mu tattara mu nufi ƙasar da ba mu san kowa a filin jirginta ba. Rana ta biyar aka aiko ya koma. Ya zauna ya baƙanta ƙafafun nan ɗaya bayan ɗaya, katan ɗin duka, kuma wannan karon bai yi musu ninkin yadi ba. Bai sake gardama da kowa a siton ba har ya bar shi. Kwafina kuwa ruwan da ya ci ɗakinmu wata shekara ya tafi da shi.

Da labarin a nan ya tsaya, da tuni na rubuta shi, na yi wa yayana kirari na huta. Amma akwai hoton Damagaram.

A lokacin, in alhazai za su koma gida, mukan ba su wasiƙa da kaset da hotuna su kai wa dangi. Ina shekara goma sha tara na je ɗakin hoto na mata a Bab Makka, na ce wa mai ɗaukar ta dakata, na ɗage abayata kaɗan ta gefen hagu har sandar ƙarfen ta fito. Goggo Halima, ƙanwar babanmu da aka bari a Damagaram tana ƙarama, shekara shida tana aiko da addu'a a kaset tana tambayar yadda nake tafiya. So nake ta gani da idonta cewa ina tsaye. Na sa hoton a ambulan na ba Usman ya kai masaukin alhazai.

Shekara ta zagayo, kaset ɗin Goggo ya iso. Muka zauna mu uku muna saurare. Bayan gaishe-gaishe sai ta ce, "Mun ga hoton Hadiza, tubarkalla. Ashe ƙarya mutane ke yi da suka ce an yanke mata ƙafa. Ga yarinya nan lafiyarta lau." Na juya na dubi Usman. Kansa na ƙasa. Ashe ya buɗe ambulan a hanya, ya sa tawada ya saukar mini da abaya har ƙasa, da ninkinta da komai, aikin gwani.

Na tambaye shi me ya sa. Ya ce, "Dije, mutanen can ba su san ki ba. Ƙafar za su gani, ba ke ba. Sunanki zai koma gurguwar Makka."

Na ce, "Ba kai ka ce ƙarfe ba shi da al'aura ba?"

Ya ce, "A kan takarda na faɗa. Ke ƙanwata ce. Halas, ya wuce."

Bai wuce ba. Daga ranar na janye masa. Ina dafa masa abinci, ina wanke masa kaya, da ciwon ƙoda ya kwantar da shi ni na yi jinyarsa, amma ban sake shiga Bab Makka tare da shi ba, ban sake dariyar barkwancinsa ba. Ya yi ta neman hanya, ni kuma na yi ta toshewa. Mutumin da ya fito da ni daga bargo shi ya mayar da ni, abin da na riƙa gaya wa kaina ke nan har ya cika.

Da zai ɗago yau ya ga Jidda, ina jin sai ya nemi wurin zama. Teburin nan babu shi, aikin ma ya mutu tun kafin shi ya mutu. Mutum-mutumin kantuna sun yi kai, wasu har da gashin ido. Mata na tuƙa mota a ƙarƙashin manyan allunan da ke ɗauke da fuskokin mata. Nakan tambayi kaina ko murna zai yi. Ina ganin zai yi, ta kwana biyu. Rana ta uku zai tsaya ƙarƙashin allo ya karkata kai, ya ce, "Shufi, Dije. Shi yana kallonki, ita tana kallon gefe. Shi yana tsaye kan ƙafafunsa, ita an jingina ta da bango. Kuma duk cikinsu ba mai launinmu." Ban san ko zai faɗi haka ba. Na dai san ni haka nake gani, kuma ba da wannan idon aka haife ni ba.

Yadda aka yi na shiga talla kuwa, ba kyau ne ya kai ni ba, ɗinki ne. Abayar kanti takan maƙale mini a mahaɗin idon sawun ƙarfen, sau biyu tana kayar da ni a matakala. Sai na yanka tawa. Na rage gefen hagu da yatsa uku, na kalmashe bakin da wani yadi mai ɗan nauyi ta ciki don kada ya naɗe, na kuma bar tsaga mai ɓoyayyun maɓallai daga gwiwa zuwa ƙasa, yadda zan gyara ƙafar a mota ba sai na tuɓe ba. Abla Nawal ta gani ta ce in yi mata guda biyar ta gwada. Suka ƙare a mako. Masu iyaye a keken guragu suka fara zuwa, da masu ciwon gwiwa, da waɗanda kawai yankan ya burge. Sai ta ce za a yi talla, kuma ni ce zan tsaya, da ƙafata a waje.

Kada mai karatu ya ɗauka Abla muguwa ce. Da Umma ta faɗi a banɗaki, ita ta tuƙo motarta har Mahjar ta kai mu asibiti. Da ta kawo maganar tallar, na ji daɗi har na kasa ɓoyewa. Na tambayi Umma, ta ce, "Fuska ce da tafin hannu da ƙarfe. Ke kika sani." Ranar ɗaukar hoto na tsaya a gaban fitilu ina shekara arba'in da uku, na buɗe maɓallan nan da hannuna.

Jiya aka nuna mini abin da kamfanin tallar ya fitar. Ba wanda ya shafe komai da baƙi, komai a buɗe yake, shi ya sa ma sai da na ɗan jima kafin in gane. An wanke fatata ta koma launin shayin da madara ta yi wa yawa. An tsuke hancina, an zabge ƙuguna, an ja wuyana. Ƙafata ta gaskiya tana da ƙarzuwa a gefe, safar auduga kan leƙo ta saman kofin da dungun ke shiga, tafinta roba ne a cikin takalmi shimfiɗaɗɗe. Ta hoton azurfa ce mai sheƙi, an ƙera ta da siffar ƙaurin budurwa, da zaren haske shuɗi yana bin ta, an kuma ɗora ta kan tsinin dunduniya. Ina ganinta na gane ta. Ƙanwar matar littafin nan ce, shekara talatin ba su canja mata takalmi ba. A babban fayil ɗin da suka kawo akwai tallar jallabiya da suka yi wa wani kanti, dattijo ne a ciki, an bar masa furfurarsa da tamojin goshinsa ba a taɓa ba.

To, Yaya, me za ka ce? Wanne daga cikinku ma zan tambaya, wanda ya tsaya gaban mushrif ko wanda ya buɗe ambulan? Ɗaya zai ce kada in yarda. Ɗayan zai tuna mini Umma ta tsufa, maganinta a nan yake, kuma yanzu ƙarƙashin iƙamata take.

A nan na ajiye rubutun ranar Litinin, don hannuna ya ƙi ci gaba. Yau kwana goma sha tara ke nan, ga abin da ya biyo baya.

Ranar Alhamis bayan azahar na shiga ofishin Abla da takardar ba sa hannu. Na ce a mayar mini da fatata da ƙafata, in sa hannu nan take. Ta cire tabarau ta ce, "Khadija, habibti, kowa haka ake masa. Hotona da ke shafin shago na intanet, kin ɗauka wuyana ne?" Na ce na sani, amma ni ba zan iya ba. Ta kira kamfanin a gabana ta buɗe muryar wayar. Suka ce launin fata za a iya mayarwa kaɗan, ƙugu ma haka, amma ƙafar ita ce tallar. Wanda ke magana ya ce, cikin ladabi kuwa, ƙafar gaskiya tausayi take jawowa, su kuma ba tausayi suke sayarwa ba.

Na tura takardar gabanta. Ta dubi takardar, sannan ta ce, "Iƙamarki wata nawa ya rage?" Na ce biyu. Ta ce, "Ɗayyib, shi ke nan. Koma bakin aikinki." Ban gane ko barazana ce ko tunawa kawai ta yi ba, kuma ban isa in tambaya ba.

Kwana goma sha biyu na yi a wannan hali. Abla na wucewa ta gefen kekena ta amsa gaisuwa ba ta tsaya ba. Ban gaya wa Umma ba, amma ta lura na daina cin abincin rana, ta riƙa bina da ido. Kullum in waya ta yi ƙara sai in zabura in duba ko saƙon iƙama ne. Na fara duba kayan ɗakinmu ina ware abin da zai shiga akwati da abin da ba zai shiga ba. Wannan karon ba ni ce yarinyar da ke kallon manya suna tsoro ba, ni ce na jawo, kuma tsohuwa ce za ta biya tare da ni.

Rana ta goma sha uku da safe, ina sauka daga mota a Safa, na ɗaga kai na ga tallar a babban allo. Abayata ce, yankana, maɓallaina. Yarinyar da ke ciki na san ta, tana zuwa ɗaukar hoto, ni nake kama mata bakin riga da allura. Ƙafafunta biyu lafiya lau. An goge ta hagun an dasa mata ta azurfar nan. Ina tsaye a wurin saƙo ya shigo wayata cewa an sabunta iƙamata.

Zan faɗi gaskiya ko da ba ta yi mini kyau ba. Abin da na fara ji ba fushi ba ne, sanyi ne ya sauko mini har tafin ƙafa, na jingina da bango ina hamdala ina hawaye a ƙarƙashin allon. Sannan na share fuska, na shiga, na gaida Abla, na yi mata godiya, na zauna na kalmashe bakin abaya har magariba. Ina cikin ɗinkin ne na ga Usman a rana ta biyar, zaune a bakin tebur da katan a gabansa. Shekara talatin ina ganin komawarsa a matsayin faɗuwa. Ban taɓa tambayar kaina da wane irin ciki ya zauna ba, ko fuskar wa yake gani a kowane shafi.

Shekaranjiya wata mata ta turo mahaifiyarta cikin shago a keken guragu. Dattijuwa ce, ciwon suga ya ci ƙafarta ta dama, ba a fi wata uku da yankewa ba. Ba abaya suka zo saye ba. Tsohuwar ce ta ga allon, ta matsa sai an kawo ta ta tambayi yarinyar tallar inda aka haɗa mata wannan ƙafar. Masu jiran kanti suka dubi juna. Abla ta fito daga ofis ta tsaya.

Na taso daga bayan keke. Na tura tsohuwar zuwa ɗakin gwaji, na ja labule, na zauna a kujera na buɗe maɓallan. Na ce, "Ya khala, waccan babu ita a duniya, zana ta aka yi. Wannan ce ake samu. Tana ƙaiƙayi da zafi, tana ƙara a matakala, farkon watanni za ki tsine mata. Amma irinta ta ɗauke ni shekara talatin."

Ta miƙo hannu ta shafa ƙarzuwar gefen, ta taɓa bakin safar. Sannan ta ɗago ta ce, "Ya binti, ana iya sujada da ita?"

Na shimfiɗa wani ƙyallen yadi a ƙasa na nuna mata. Yadda ake fara sauke lafiyayyar gwiwa, yadda ake karkatar da tafin robar gefe, inda ake dafawa in za a tashi. Ta ce in sake, na sake. Tun da aka yi mata aikin a zaune take salla, ta ce, goshinta bai taɓa ƙasa ba. Da na ɗago karo na biyu na ga labulen a ɗan buɗe, Abla na tsaye tana kallo. Allon kuwa na nan a bakin titi har yanzu.

Yaya Usman bai bar gida ba, bai bar ɗa ba, aikin hannunsa kuwa duk an zubar da shi tare da tsofaffin mujallu. Kabarinsa ban san shi ba, mata ba ma zuwa maƙabarta a nan, kuma kaburburan nan ba a rubuta musu suna. Maganar hoton Damagaram har gobe ina ganin bai kyauta ba, ba zan canja wannan don ya mutu ba. Sai dai yanzu na san mutum kan yi wa wanda yake ƙauna laifi saboda tsoro, na kuma san nauyin a'a guda ɗaya a bakin wanda zamansa ke hannun wani. Shi ya faɗi tasa yana da shekara ashirin da huɗu, da mutum biyu a wuyansa. Ni sai da na kai arba'in da uku.

Na yafe maka, Yaya, na kuma makara. Kai ma ka yafe mini shekarun da ka yi kana ba da labari a kan tabarma ina kallon bango. Allah ya haskaka inda kake kwance, ya suturta ka da rahamarsa, ya haɗa mu a inda ba a tambayar kowa takarda.